Cak ya dawo, an yi sulhu an saɓa: yadda za ka bi kuɗinka ba tare da ka kashe hujjarka ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta a banki aka miƙo masa cak ɗinsa aka ce Alhaji babu kuɗi a asusun nan, ya san irin sanyin da ke ratsa ƙafa a lokacin. Ni abin ya same ni, kaya na bayar na shadda da atamfa ga wani da muka fi shekara shida muna hulɗa, ya rubuta min cak ya ce in kai bayan sati uku, na kai ya dawo, kuma wallahi ba dawowar cak ɗin ce ta fi cutar da ni ba, zaman sulhun da aka yi daga baya ne, inda manya suka taru aka ci goro aka yi fatiha na miƙa masa cak ɗinsa da hannuna, ya biya kashi ɗaya ya ɗauke ƙafa. Abin da na koya daga nan, da abin da lauyoyi suka fahimtar da ni bayan aski ya zo gaban goshi, shi ne zan shimfiɗa a nan saboda 'yan uwana 'yan kasuwa, kuma maganata a kan dokar Najeriya take, wanda ke Nijar ko Kamaru tsarinsu daban ne.

Tun a cikin bankin aikin yake farawa. Kar ka karɓi cak ɗin haka nan kawai ka fito kana huci kana neman lambar mutumin, ka tsaya ka tabbata an rubuta dalilin dawowarsa a jiki an buga hatimi da kwanan wata. Ma'aikatan banki suna da wata al'ada, idan ka kawo cak a kan kanta babu kuɗi sai su kira mai asusun a waya su ce maka ka je ku daidaita, su ba ka takardarka fes babu ko ɗigon biro, to wannan a idon kotu kamar ba ka taɓa kai shi ba ne. Shi ya sa ya fi kyau ka zuba shi a asusunka na bankinka ya bi ta kiliyarin, wato hanyar da bankinka ke bi ya karɓo kuɗin daga bankin mai cak ɗin, in ya dawo zai dawo da shaida, kuma zai fito a sitatimen ɗinka cewa ranar kaza ya shiga ranar kaza aka mayar. Sau da yawa za ka ga sun rubuta DAR, ma'ana a nemi mai cak ɗin ya zo ya duba lamarinsa, wannan yaren banki ne na rufin asiri, kotuna kuma sun san me yake nufi, amma duk da haka idan rigima ta yi nisa sai an kawo sitatimen ɗin shi mai cak ɗin an ga nawa ke ciki a ranar.

Sai maganar wata uku, wadda ita ce mutane suka fi faɗawa ramin ta. Kowa ya san cak yana rayuwa wata shida kafin banki ya ce ya tsufa, amma dokar da ta mayar da bayar da cak mara kuɗi laifi, wadda aka kafa tun 1977 zamanin mulkin soja kuma tana nan har yau, cewa ta yi sai an gabatar da cak ɗin cikin wata uku daga kwanan watan da ke rubuce a jikinsa. To ka ga inda dabarar take, mutum zai ba ka cak, ranar ta zo ya kira ka ya ce don Allah yallaɓai ka ɗan dakata kar ka kai yau ina jiran wasu kuɗi daga Legas, sati biyu ya sake cewa kwantena ta maƙale, kai kuma kana jin nauyi kana ta ɗaga ƙafa, kafin ka farga wata huɗu ya wuce, ranar da ka kai ya dawo bashinka yana nan amma maganar laifi ta tafi. Idan ya roƙe ka ka jira kuma kana son ka jira, babu laifi, ka ce ya rubuto roƙon a WhatsApp, kuma ko dai ya canza maka sabon cak mai sabon kwanan wata ko kuma ka sa wa kanka alama a kalanda cewa kafin kwana 90 sai ka shigar da shi ko da hawaye zai yi.

Hukuncin dokar ba wasa ba ne, ɗaurin shekara biyu ne babu zaɓin tara ga mutum, kamfani kuma tara ce da ba ta gaza naira 5,000 ba, wanda a yau ko kuɗin man mashin na sati bai kai ba amma a 1977 dukiya ce, kuma daraktan da aka yi abin da saninsa shi ma ana iya kama shi da laifin, ba zai ɓuya a bayan sunan kamfani ba. Babbar kotun jiha ce dokar ta ba hurumin sauraron wannan laifi. A 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan hukunci a shari'ar da lauyoyi ke kira shari'ar Abeke, kuma kuɗin da ake magana a kai 'yan dubbai ne kawai, don haka ba sai miliyoyi ba. Babban Bankin Najeriya ma yana da nasa horon, wanda ya maimaita abin har sau uku ana karɓe masa littafin cak, a hana shi amfani da kiliyarin da cin bashin banki na shekara biyar, a kai sunansa wurin hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Ɗan kasuwan da ke shigo da kaya ya fi tsoron wannan a kan ofishin 'yan sanda, ka riƙe wannan a ranka lokacin da kuke magana.

Amma fa ba kowane cak da ya dawo ne laifi ba, kuma gara ka ji wannan daga bakina kafin ka ji daga bakin lauyansa. Dole dalilin dawowar ya zama rashin kuɗi ko rashin isassun kuɗi, in sa hannu ne bai yi daidai ba ko lamba ta saɓa da rubutu wannan wata magana ce. Sannan doka ta ba shi kariya in ya iya gamsar da kotu cewa lokacin da ya rubuta yana da ƙwaƙƙwaran dalilin yarda cewa kuɗin za su kasance a ciki, misali yana da takardar biya da aka yi masa alƙawari sai aka saɓa. Sannan akwai gardamar da ake yawan yi, dokar tana magana ne a kan wanda ya karɓi kaya ko bashi ta hanyar cak ɗin, to in cak ɗin an bayar da shi ne a matsayin jingina ko don tsohon bashin da aka daɗe da ci, lauyoyi suna jan wannan sosai. Shi ya sa ranar da kake ba da kaya ka rubuta a rasit ko inbois cewa an biya da cak mai lamba kaza na banki kaza, ya sa hannu, layi ɗaya ne amma shi ke ɗaure kayan da cak ɗin.

Da zarar ya dawo, ka yi hotonsa gaba da baya, ka yi fotokwafi, asalin kuma ka kai shi inda kake ajiye takardun gida. Ka sanar da mutumin a rubuce a ranar ko washegari, ba sai da zagi ba, cak ɗinka mai lamba kaza na naira kaza ya dawo yau saboda babu kuɗi, yaushe za ka biya. Amsar da zai ba ka zinariya ce, don yawanci zai ce ka yi haƙuri wallahi zan biya ƙarshen wata, to ya amsa bashin ke nan da hannunsa. Kar ka goge hirar, kar ka sayar da wayar, saboda dokar shaida ta 2011 sashe na 84 tana karɓar saƙon waya amma sai an haɗa da takardar shaida mai bayanin na'urar da aka ciro shi, lauya ya san yadda ake yi. Bayan nan sai wasiƙar neman biya daga lauya mai wa'adin kwana bakwai ko 14, kuɗinta ba shi da yawa kuma mutane da dama a nan suke miƙa wuya.

Yanzu zancen 'yan sanda, don na san can zuciya take fara zuwa. Kana da damar kai ƙorafi wurinsu ko wurin EFCC tunda cak mara kuɗi laifi ne a doka, amma ka bambance abu biyu, binciken laifi aikinsu ne, karɓo bashi ba aikinsu ba ne, kotuna sun sha faɗar haka, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama ɗa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. In ka sa aka tsare shi kwana huɗu aka tilasta masa sa hannu a takardar alƙawari a bayan kanta, gobe zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi ya haɗa da kai, kana bin sa miliyan uku a ce ka biya shi diyya, ita kuma takardar ya ce dole aka yi masa. Ka rubuta ƙorafinka a kan cak ɗin kawai, ka haɗa kwafi, ka bar su su yi aikinsu. Kuma ka sani ɗaure shi ba ya nufin kuɗinka sun dawo, ko da yake kotu na da ikon umartar ya biya diyya, hanyar neman kuɗi ita ce ƙarar bashi, kuma babu abin da ya hana a tafi da biyun lokaci guda.

Ƙarar bashin ma ba lallai ta ɗauki shekaru ba kamar yadda muke tsoro. In kuɗin ba su da yawa akwai kotun ƙananan basuka, Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo a 2019, an buɗe su da iyakar naira miliyan biyar da niyyar a gama shari'a cikin kwana 60, fom kake cikewa kuma kana iya tsayawa da kanka babu lauya, ka dai leƙa rajistara ka tambayi iyakar da suke kai yanzu. In sun fi haka, babbar kotu tana da gajeriyar hanya ta bashin da adadinsa sananne ne kuma babu abin musu a ciki, lauyanka zai haɗa takardar rantsuwa da cak ɗin da wasiƙun, in wanda ake ƙara bai kawo wata kariya mai ma'ana ba alƙali ya yanke hukunci ba tare da an jera shaidu ba. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron bashi tsakanin Musulmi a jihohin da take, kuma mutanenmu da yawa sun fi sakewa a can saboda da Hausa ake yi. Abin da ba na so ka yi shi ne kwanciya, don bashi yana da wa'adin kai ƙara, wasu jihohi shekara shida wasu biyar, ya wuce ya wuce.

To a daidai nan ne manya za su shigo. Shugaban layinku a kasuwa, limamin unguwa, surukinsa, wani yayanka da ba ka iya haɗa ido da shi, kowa zai ce haba ɗan uwa, ai ba a kai Musulmi kotu a kan kuɗi, a zauna a yi sulhu. Ni ban ƙi sulhu ba, alheri ne, kuma wanda karayar arziki ta same shi da gaske Alƙur'ani ya ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi, amma surar Baƙara ɗin nan dai ita ce ta zo da aya ta 282 wadda ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ku rubuta ku kafa shaidu, kuma hadisi ya tabbata cewa jan ƙafar mai hali zalunci ne. Don haka in wani ya ce neman a rubuta rashin yarda ne, ka ce masa Baba ba ni na kawo ba, umarni ne, babu dattijon da zai ja da wannan.

Ga abin da takardar sulhu za ta ɗauka in ana so ta yi aiki. Farko ya amsa a fili cewa ana bin sa naira kaza, da lamba da kuma rubutu, kuma asalin bashin daga kaya kaza ne da cak mai lamba kaza da ya dawo ranar kaza. Sannan ranakun biya su zama ranaku na gaske, 30 ga wata kaza naira kaza cikin asusu mai lamba kaza, ban da bayan sallah, ban da in kaya sun iso, ban da in Allah ya hore, waɗannan kalmomi ne masu daɗi a baki amma ba a iya kai su gaban alƙali. Sai jumlar da ni na rasa a tawa kuma ita ce ran takardar, cewa in ya saɓa kashi ɗaya da kwana bakwai to duk ragowar kuɗin sun wajaba nan take. In babu wannan jumlar, mutum ya saɓa kashi na biyu a cikin goma, zai ce ai sauran takwas lokacinsu bai yi ba, sai ka riƙa bin sa wata wata kamar mai karɓar adashe. In ka yi masa rangwame, a ce kana bin sa miliyan huɗu ka yarda ka karɓi uku da rabi, a rubuta cewa rangwamen yana kan sharaɗin cika alƙawari ne, ya saɓa an koma miliyan huɗu, in ba haka ba ka yafe dubu ɗari biyar a banza kuma sabuwar yarjejeniyar na iya shafe tsohuwar.

Ka nemi mai tsaya masa, kuma ya sa hannu a matsayin wanda zai biya in shi bai biya ba, ba a matsayin shaida kawai ba, don tsayawa irin wannan sai a rubuce take kama mutum. A nan ne za ka gane waye ya yarda da shi da gaske, duk masu cewa mun san shi mutumin kirki ne, ka miƙa musu biro ka gani. In akwai jingina, takardar fili ko mota, lauya ya duba ta tukuna ya tsara yadda za a sayar in ta kama, kar ka je ka ɗauko motarsa da ƙarfi ka mai da kanka mai laifi. In ɗayanku ba ya karanta Turanci, a rubuta a ƙasa cewa wane ya karanta masa ya fassara masa da Hausa ya ce ya gane kafin ya dangwala, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa, rashin wannan kaɗai ya isa a zo ana cewa ai bai san abin da ya sa wa hannu ba. In kamfani ne ya ba ka cak, ka nemi mai kamfanin ya ɗauki nauyin da sunansa na kansa ma, saboda kamfani na iya zama kwali babu komai ciki.

Asalin cak ɗin kuwa, kar ka bayar. Za su ce tunda an yi sulhu a yaga takarda a wuce wurin, ka ce za a yaga ranar da kobon ƙarshe ya shigo, a rubuta hakan ma a ciki. In ya ce zai ba ka sababbin cak na kowane kashi ka karɓa, amma su zama ƙari ne a kan tsohon, kuma kowanne ka shigar da shi a ranarsa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne a mai da sulhun hukuncin kotu. Takardar da aka rubuta a shago ko a zaure yarjejeniya ce kawai, in ya saɓa sai ka shigar da sabuwar ƙara a kanta ka fara daga tushe. Amma in ƙara tana gaban alƙali kuka kai masa sharuɗɗan sulhun ya karɓa ya mai da su hukuncin yardar juna, ranar da ya saɓa ba sabuwar shari'a za ka yi ba, zartarwa kawai za ka nema, kuma tsarin mulki ma bai ba shi damar ɗaukaka ƙara a kan irin wannan hukunci ba sai da izinin kotu. In ba ku kai ga ƙara ba, akwai cibiyoyin sulhu na kotu, Legas tana da shi tun 2002, Abuja tana da shi, Kano ta buɗe nata a 2009, kuna zama da mai shiga tsakani, in kun daidaita alƙali ya sa hannu ya zama yana da ƙarfin hukunci, kuma dokar sasanci ta 2023 ta ƙara wa irin wannan sulhu ƙarfi. Manyan da suka matsa a yi sulhu ka gayyace su can, mutuncinsu yana nan, kai ma haƙƙinka yana nan.

Kar ka yi gaggawar janye ƙara. Wannan shi ne abin da za a fi matsa maka a kai, je ka janye tukuna sai a fara biya. A shari'ar laifi janyewar mai ƙorafi na iya sa kotu ta sallame shi ta wanke shi gaba ɗaya, shi ke nan ba a sake dawo da maganar. A ƙarar bashi kuma akwai bambanci tsakanin a cire ƙara daga jeri, wadda kana iya dawo da ita, da a kore ta, wadda ta mutu ke nan, ka tambayi lauyanka da baki wanne za a rubuta. Abin da ya fi sauƙi shi ne a roƙi kotu ta ɗaga zama zuwa bayan ranar biya, ku dawo ku ba da rahoto.

In kuma ka riga ka yi irin kuskurena, takarda ce kawai a hannunka ko ma fatiha ce kawai, ba a rasa komai ba tukuna. Ka tattara alat ɗin kashin da ya biya, don biyan wani ɓangare shi ma amsa bashi ne, ka nemi waɗanda suka zauna sulhun tun suna tuna abin da aka faɗa, ka tura masa saƙo mai lissafi, an biya kaza saura kaza, ka bar shi ya amsa, sannan wasiƙar lauya, sannan kotu.

In hukunci yana hannunka kuma ya ƙi biya, hanyar da ta fi saurin kawo kuɗi ita ce a kama asusunsa, kotu ta umarci bankuna su zo su faɗi nawa yake da shi su riƙe, bayan aƙalla kwana 14 da isar musu da takarda a zauna, in babu wani dalili a ce su biya ka kai tsaye. Lauyoyi kan jera bankuna da yawa a takarda ɗaya don ba a san inda ya ɓoye ba, kai kuma ka riga kana da sunan banki ɗaya da lambar asusu a jikin cak ɗin da ka ƙi bayarwa, kuma kar ka sanar da kowa ranar da za a shigar, labari ya kai masa ya kwashe kuɗin cikin dare. In asusun wayam ne sai a koma kan kadara, ma'aikatan kotu su je su lissafa kayan shago ko mota a yi gwanjo, in ba su isa ba a nemi izinin taɓa gida ko fili, akwai kuma sammacin da ake kiransa ya zo ya yi bayanin abin da ya mallaka a gaban alƙali. Duk wannan yana cin kuɗi, na lauya da na rajista da na zirga-zirgar ma'aikatan kotu, don haka tun kafin a fara ka zauna da lauyan ku yi magana a fili, nawa zai karɓa yanzu, kashi nawa zai ɗauka in kuɗi sun fito, shi ma a rubuta ku sa hannu ku biyu, ka riƙe kwafinka.